Ba-Yau-Ba, Mai Fiton Mashiginmu

Kafin ya gaisa da kowa, da kogi yake fara gaisawa. Da gari ya waye za ka gan shi ya gangaro da doguwar gorarsa a kafaɗa da wani tsohon gwangwani a hannu. Sai ya wuce kwale-kwalen ko kallonsa bai yi ba, ya je gindin ɓauren da ke bakin mashigi ya tsuguna. Akwai wata saiwa a nan da ta fito daga gaɓa ta lanƙwashe kamar gwiwar hannu. Ita yake fara dubawa. Sannan ya ɗebi ruwan a tafin hannu ya kalli launinsa, ya bi tarkacen da ruwan ke tafe da shi da ido, ya ɗaga kai ya dubi duwatsun gabas. Sai ya gama wannan duka zai koma ya kwashe ruwan da ya kwana a cikin jirgi, ya cusa tsumma da kwalta inda ya ga yana yoyo, sannan ya juyo ya ce mana, "Kun tashi lafiya?" Mu kuwa muna tsaye da kaya a ka, wuya duk ya ƙage.

Mutumin da nake magana a kansa shi ne mai fiton mashiginmu, wanda ofishin gunduma ya sallama a farkon bana, bayan ya ƙarar da ƙuruciyarsa da ƙarfin kafaɗunsa a kan ruwan nan. Ba-Yau-Ba muke ce masa, kuma ba don ƙauna aka raɗa masa wannan suna ba. Ni malamar firamare ce a ƙauyen da ke bakin mashigin. A jirginsa na riƙa ƙetarawa har na gama sakandare, a jirginsa aka ƙetara da ni asibiti na haifi 'ya'yana. Na zuba ido in ga ko wani babba zai ce masa sannu da aiki, na ga shiru. Shi ya sa na ɗauki alƙalami, kuma ina gaya muku tun yanzu, raina a ɓace yake.

Wanda ya ga gundumarmu a taswira zai ɗauka abu ɗaya ce. Biyu ce. Kogi ya tsaga ta tun daga sama har ƙasa. Can yamma a kan tudu akwai gari, da asibitinsa, da babbar kasuwa, da sakandare, da ofis mai tuta, da 'yar kwaltar da ke kai mutum babbar hanya. Nan gabas kuma mu ne. Daga bakin ruwa fadama ce ta shinkafa da rake, in ka haura sai gonakin masara da rogo da tumatir, sai ƙauyuka a warwatse har gindin duwatsu, inda babur ma sai an sauka an tura shi. Abinci yana wajenmu, magani yana wajensu. Da rani kogin nan abin dariya ne, yashi ne fari fat da wani siririn ruwa da akuya ke tsallakewa. Da damina kuwa, in ka tsaya a wannan gaɓa ka ƙwala kira, na waccan gaɓar ba zai ji ka ba. Kada ku tambaye ni gada. Akwai wasu ginshiƙai da aka kafa a tsakiyar ruwa tun ina budurwa, duk kakar zaɓe a zo a shafa musu fenti a tafi. Balbelu dai sun gode, sun samu wurin shan iska.

Abin da ya haɗa Baba mai fito faɗa da jama'a shi ne, ruwan da ke cika kogin nan ba a kanmu yake sauka ba. A duwatsu yake sauka, can inda ba ma gani, ya tattaro ta kwaruruka ya iso mana bayan an daɗe da ɗauke shi. Sai ka ga rana tana ƙwallewa, sama tas, ba ko gajimare, amma ruwan ya koma ja, ya yi kumfa, yana tafe da ɗanyen ganye da karan masara har da saiwarsa. In Baba ya ga haka, kuma ya ga saiwar ɓauren nan ta nutse, magana ta ƙare. Zai ɗaure jirgi, ya jingine gora, ya ce, "Ba yau ba." Ba ya ƙari, ba ya ragi, ba ya kuma ba da haƙuri.

Ranar kasuwa ce ta fi muni. Ina tuna wani mai tumatir da ya kwaso kwandunansa tun daga gindin duwatsu, ya iso yana zufa ya tarar da jirgi a ɗaure.

"Haba Baba, dubi rana fa! Ko ɗigo ba a yi ba."

"Ba a yi a nan ba."

"To kayan nan fa? In kai maka gida ka cinye?"

"In ka kawo za mu ci," in ji Baba, ko murmushi babu.

Ya sha zagi ranar har ya ƙoshi. Haka aka yi ta yi shekara da shekaru. An ce rago ne. An ce tsoron ruwa yake yi, wai an ba matsoraci jirgi. An kai ƙararsa ofis ba iyaka. 'Yan makaranta suka mai da sunan waƙa, in sun hango shi su yi ta rerawa suna tafi. Ba wanda ya taɓa tsayawa ya tuna cewa duk ranar da bai yi fito ba, shi ma amfanin 'yar gonarsa a wannan gaɓar yake kwana. Ni kaina na taɓa yin kuka a gindin ɓauren nan ranar wata jarrabawa. Bai lallashe ni ba. Amma washegari ni ya fara sawa a jirgi, ya bar fasinjoji suna jira a can, ya raka ni har gaban shugaban makaranta da jiƙaƙƙen wandonsa, ya ce, "Ranka ya daɗe, yarinyar nan ta zo. Ni ne na hana ta."

Ranar da ruwa ya yarda kuwa, kallon aikinsa kaɗai ya ishe ka. Shi ke zaunar da kowa, ba ruwansa da girman mutum. Masu nauyi tsakiya, buhuna a ƙasa, akuya a ɗaure ƙafa. Mace mai goyo sai ta kwance ɗanta ta riƙe shi a hannu, in ta ƙi ta sauka. Ba ya miƙewa kai tsaye. Sai ya bi gefen gaɓa ya haura sama sosai, har baƙo ya fara tunanin an ɓata da shi, sannan ya juya hancin jirgi ya bar ruwa ya gangaro da mu a karkace, mu sauka daidai bakin hanyar gari. A tsakiyar kogi ba a hira. Ko mai gari ne ya buɗe baki zai ce, "A bari sai mun fita."

Baba, kai ne kafaɗar da gabas ta rataya a kanta. Kai ka ƙetarar da shinkafarmu ta zama kwanon rufi, ka ƙetarar da 'ya'yanmu suka zama malamai da ma'aikatan jinya, ka ƙetarar da marasa lafiyarmu, ka dawo da waɗanda suka warke da waɗanda ba su warke ba. Ba ka taɓa zubar da ko buhu ɗaya a ruwa ba, balle mutum.

Sai dai ba zan yi jinjinar nan in tsallake ranar matar tela ba, don ita ce ranar da gari ya yanke masa hukunci.

Tela mutumin ƙauyenmu ne, mai fara'a a da. Naƙuda ta zo wa matarsa da gardama a tsakiyar wata damina, ungozoma ta ce abin ya fi ƙarfinta, sai asibiti. Aka ɗauko ta a kan ƙyauren ɗaki aka kawo ta mashigi da hantsi. Ba na nan, ina aji. Inna Mai Gyaɗa ce ta ba ni labarin, ita da ke kasa tirenta a gindin ɓauren tun kafin a haife ni.

"Da idona na gani," in ji ta. "Ya kalli matar, ya waiwaya ya kalli saiwa, babu saiwa. Wallahi ranar bai faɗi kalmar nan tasa ba. Cewa ya yi a jira shi. Ya kwance jirgi ya shiga shi kaɗai, wai ya gwada ruwan. Bai yi nisa ba ruwa ya wulwula jirgin kamar faifai ya yi ƙasa da shi. Muka ce shi ke nan, an yi biyu. Can sai ga shi yana janyo jirgin ta cikin rake, ƙafa duk jini. Ya sake komawa. A wannan karon gorar ce ta karye masa. Da ya samu ya fito, sai ya durƙusa gaban tela ya ce, 'Ƙanena, ba zan iya kai ta ba.' Tela ya ce, 'Ka gwada da mu a ciki. In mutuwa ce mu mutu muna tafiya.' Ya ce, 'In na sa ta a ruwan nan, ni na kashe ta.' Tela ya ce, 'In ka bar ta a nan fa?'"

Wajen la'asar ta cika, a nan gindin ɓauren, da abin da ke cikinta. Washegari ruwa ya janye, saiwa ta fito.

Daga ranar tela bai sake gaishe shi ba. Yana shiga jirgin, don ba shi da wata hanyar sayo yadi da zare, amma sai ya juya masa baya har a sauka. Baba kuma ya riƙe masa jirgi da kyau ya fita, ba mai ce wa wani uffan. Sun tsufa a haka. Ƙauye ya bi bayan tela, kuma ban ga laifin ƙauye a wannan ba, don kowa ya ga gawa. Ba zan yi wa masu karatu ƙarya in ce na san wanda ke da gaskiya ba. Wataƙila da an shiga da an kai. Wataƙila da gawa uku aka nema a cikin rake. Na taɓa yin ƙarfin hali na tambaye shi, wata rana da ba kowa a jirgi sai ni. Ya tura gora ya ce, "Malama, kullum sai na ƙetara da ita a raina. Wata rana mu kai, wata rana ba mu kai ba."

Ga abin da ke ci mini rai. Tumatir ɗin da ya ruɓe kowa ya ji warinsa. Jarrabawar da aka rasa an san mai ita. Matar tela an san kabarinta. Amma waɗanda da sun nutse ba su nutse ba, wa ya san su? Su kansu ba su san kansu ba. Suna nan a cikinmu, sun yi aure, sun yi jikoki, wasunsu sun yi tumbi, kuma da bakin da ya rage musu suke zaginsa. Likita in ya ceci mutum akwai tabon ɗinki da za a nuna. Baba ba shi da abin nunawa sai tabon ƙafarsa, shi ma na ranar da ya kasa ne.

Ku ji yadda aka sallame shi. Masinja aka aiko a babur, da rani, ya bi ta kan yashi ya same shi yana gyaran jirgi. Ya ce an ce a gaya masa ya huta haka nan, an sayo sabon jirgi mai inji. Ko kashe babur ɗin bai yi ba. Ba taro, ba addu'a, ba ko kujerar roba da aka jera don shi. Waɗanda ke bakin mashigi a lokacin, na ji an ce har da masu tafi.

Sabon jirgin, babban ɗansa aka ba. A nan ne maganar ta daina zama ta godiya kawai. Ɗan nan magidanci ne, 'ya'yansa suna ajina, kuma mutumin kirki ne. A kan ruwan nan ya tashi, ya san saiwar ɓauren kamar yadda ubansa ya san ta. Amma ya tashi ana ce masa ɗan Ba-Yau-Ba. Ya sha dambe a makaranta saboda sunan nan. Ya ga ana juya wa ubansa baya a cikin jirginsa. Tun da aka ba shi injin mutane ke zuga shi, suna cewa yanzu aka samu namiji a mashigi, inji ba ruwansa da saiwa. Baba kuma bai daina zuwa ba. Kullum da safe yana gangarowa, ba gora yanzu sai sandar dogarawa, ya tsuguna da ƙyar ya dubi ruwa, sannan ya zauna gefen tiren Inna Mai Gyaɗa yana kallon ɗansa.

Ranar kasuwar da ta wuce na sauko zan shiga gari. Rana tas. Ruwa ja wur, ga kumfa, ga ɗanyen ganye yana wucewa da gudu. Na dubi gindin ɓaure, babu saiwa. Jama'a sun cika gaɓa da kwanduna da buhuna da awaki, wasu ma har sun shige jirgi sun zauna. Ɗan yana tsaye a baya da igiyar tayar da inji a hannu, bai ja ba. Na ga ya dubi gindin ɓauren, ya sake duba. Ya sani.

Baba ya miƙe ya dogara har bakin ruwa. Bai ɗaga murya ba.

"Ɗaure shi," ya ce.

"Baba, inji ne fa."

"Injin ya san abin da aka yi a duwatsu? Ɗaure shi, ɗana."

Wani daga cikin jirgi ya dubi ɗan ya ce, "To, an fara! Kai ma gadon za ka ci?" Aka kwashe da dariya. Wata mata ta ce ita dai kayanta ba za su kwana ba, wanda ke tsoro ya koma gida ya yi wa matarsa tsintar shinkafa. Na ga igiyar ta fara sassautawa a hannun ɗan, kuma na ɗauka zai ajiye ta.

Sai tela ya yi magana. Yana zaune a tsakiyar jirgi da furfurarsa, da jakar yadi a cinya. A karon farko tun waccan ranar ya juyo ya dubi Baba ido cikin ido.

"Bar yaro ya yi aikinsa," ya ce. "Kai ka yi naka, mun gani."

Ɗan ya sunkuyar da kai, ya ja igiya.

Ni ban shiga ba. Na tsaya kusa da tsoho muna kallo. Jirgin bai haura sama ba, ya miƙe kai tsaye. A tsakiya ruwa ya bugi gefensa ya karkata, muka ji ihun mata, injin ya yi tari ya yi shiru. Ban san tsawon lokacin da aka ɗauka ba. Sai injin ya sake kamawa, jirgin ya ja jiki, ya fita can ƙasa da bakin hanya, amma ya fita. Ba wanda ya ko jiƙe sosai.

Waɗanda suka rage a gaɓarmu suka ɓarke da sowa. Wani saurayi ya zo har gaban tsoho ya ce, "Baba, ashe yau ne!" Aka yi ta dariya, har da riƙe ciki.

Na ce masa, "Baba, alhamdu lillahi, sun kai." Ya ce alhamdu lillahi. Ya koma ya zauna, Inna ta miƙa masa ruwa bai karɓa ba. Can ya ce, "Malama, yau na rasa yaron nan. Da injin ya ƙi tashi, ko da ruwan ya tsorata shi ya koro shi baya, da ina da sauran magana a kunnensa. Yanzu ya ga an wuce. Gobe me zan ce masa?"

Akwai abin da ya kamata in ce masa a lokacin. Ga shi yanzu ina faɗa a gaban kowa.

Baba, mun gode. Na gode a madadin waɗanda ba su san suna da abin gode maka ba. Ka ɗauki baƙin jinin gunduma guda a kanka don kada ka ɗauki gawar kowa daga cikin rake. Ka zauna da zagi, da waƙar yara, da bayan tela, ba ka rama ba kuma ba ka sassauta ba. Allah Ya saka maka, Ya ba kafaɗun nan sauƙi, Ya kwantar maka da abin da kake ƙetarawa da shi a rai. Ofis bai jera maka kujera ba, to ga tawa jinjinar, ko da ba ta kai ba.

Ku kuma masu riƙe da wani aiki da ran mutane ke ciki, direba ne kai ko ungozoma ko mai ba da magani, ku dubi tsohon nan. Iya aiki daban, iya tsayawa a ƙi ka daban, kuma na biyun ya fi wuya.

Sauran maganata da ku ce, 'yan uwana na gabas. Uban ya iya jure bakinmu, ɗan bai iya ba, kuma mun san haka shi ya sa muke matsa masa. In kun sake ganin hannunsa ya tsaya a kan igiyar nan, don Allah ku yi shiru. Ku sauke kwandunanku ku koma gida, tumatir ya ruɓe. Wanda ya ji dariya ta zo masa ya haɗiye ta. 'Ya'yan mutumin nan suna zaune a gabana kullum da safe, ƙaramar ko haƙoran gaba ba ta gama mayarwa ba, kuma ba na son ranar da za a leƙo ajina a ce in sallamo su gida. Damina ko rabi ba ta yi ba.